Jajaye Ashirin da Uku

Ranar Litinin da hantsi Mista Yeoh ya shigo ofishin 'yan sanda da ke bayan babbar tashar jirgin ƙasa ta Kuala Lumpur, kwamfuta a hammata, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Shi ne manajan kamfanin jajayen sukutoci, masu lantarkin nan da ake hawa a tsaye, mutum ya buɗe da waya, in ya isa ya jingine ta inda ya ga dama, ya ɗauki hotonta, ya yi gaba. Ya ce cikin mako biyar guda ashirin da uku sun yi ɓatan dabo a unguwa ɗaya. Kuma shi ba bincike ya zo nema ba, ya riga ya san ɓarawonsa.

Sufeto Hairuddin ya ture kofin shayinsa gefe. Shekararsa arba'in da takwas, kuma ko a hoto ba ya ƙaunar jajayen nan. Da su 'yarsa Balkis take ratsa titi uku zuwa kwaleji, ba hular kwano, shi kuwa loma ba ta wuce masa maƙogwaro da safe sai ta turo saƙo cewa ta isa. Amma ƙara ƙara ce. Ya jawo takarda.

Yeoh ya buɗe taswira. Kowace sukuta tana ɗauke da na'urar da ke nuna inda take. Duk ashirin da ukun a wuri ɗaya na'urar ta yi shiru, wani siririn lungu a bayan layin gidajen tausa, kuma duk tsakanin shida da rabi da bakwai da kwata na safe. A daidai wannan lokacin kullum motar Gunalan tana fake a bakin lungun. Gunalan ma'aikacinsu ne, shi ke bi yana canza batir yana kwashe waɗanda suka lalace.

Hairuddin ya tambayi fararen sukutocin da ke bakin tasha, su nawa suka ɓata. Fararen na wani kamfani ne daban, su turke gare su, sai ka mayar da sukuta cikin ƙarfenta ta ƙulle kafin hawanka ya ƙare. Yeoh ya yatsine fuska ya ce ko ɗaya, amma wa ke hawansu in ba tsofaffi ba?

"Mu 'yanci muke sayarwa, Tuan, ranka ya daɗe. Ka sauka a ƙofar gidanku, ba a ƙofar tasha ba."

"To ga ashirin da uku nan sun samu nasu 'yancin," in ji Sajan Kogila daga teburinta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Da yamma aka kama Gunalan. Kotu ta ba da kwana huɗu a tsare shi. Ranar Juma'a da safe ko a gurfanar da shi kan satar kayan uban gidansa, ko a sake shi. Kafin la'asar shugaban ofishin ya kira Hairuddin sau biyu, ya ce masu kamfanin sun dame shi da waya, a gama da maganar nan.

Gunalan baƙi ne siriri, yana da mata da 'ya'ya uku a garin Klang. An bincike gidansa da motarsa, ko ƙusa ba a samu ba. Ya ce abin da ke tsayar da shi a bakin lungun tosai ne, wainar shinkafar Indiyawa, wajen Akka Saroja yake karyawa shekara biyu ke nan. Hairuddin ya tambaye shi su wa ke wucewa ta wurin a lokacin. Ya ce ba kowa.

"Ƙarfe bakwai na safe, a unguwa mai gidajen bene goma, ba kowa?"

"Ni idona a faranti yake, Tuan."

Hairuddin ya gaya masa shekarun da doka ta yanka wa ma'aikacin da ya saci kayan wurin aikinsa, ya tuna masa da yaransa. Gunalan ya naɗe hannuwansa a ƙirji ya ce a kai shi kotun, alƙali ya nuna masa sukuta ɗaya da ya ɗauka.

Shekara ashirin da biyar Hairuddin yana zama da ɓarayi a ɗakin nan. Ɓarawo surutu gare shi, yana jefa laifi kan duk wanda ya faɗo masa a rai. Wannan bai ambaci sunan kowa ba. Kamar mai gadin wata ƙofa yake.

Ranar Talata Kogila ta sa kamfanin ya turo hoton ƙarshe na kowace sukuta da ta ɓata, wanda mahayin ƙarshe ya ɗauka. Ta buga su a takarda ta jera a ƙasan ofis. Wata a gaban kantin magani, wata a gaban banki, wata kwance a bakin masallaci. Sun daɗe tsugune a kansu kafin ta sa yatsa.

A ƙarƙashin kowace taya akwai rawayen tayil mai gudaje. Layin nan ne da aka shimfiɗa a gefen titi, wanda makafi ke bi da sanda da tafin ƙafa. Unguwar cike take da makafi, don su ne ke aiki a gidajen tausa. Sukutoci sun fi ɗari a yankin, amma duk wadda aka jingine a jikin bango ko gindin bishiya ba a taɓa ta ba.

Hairuddin ya fita baranda ya kira Balkis, ya tambaye ta a ina take ajiye tata. Ta yi dariya ta ce inda ta tsaya mana. Ya ce a kan rawayen layi fa? Ta ce ita wallahi ba ta taɓa lura ba. Ya yi mata faɗan da ya fi laifin yawa, ya kashe waya yana jin haushin kansa.

Daga nan suka nufi lungun. A bakinsa akwai wata ja a jingine. Hairuddin ya kama ta ya ja ba tare da ya buɗe da waya ba. Nan take ta fasa ƙara kamar an taka wutsiyar kare, fitilunta na gaba da baya suka shiga walƙiya ja. Tattabaru suka tashi daga kan waya.

Akka Saroja na tsaye taku biyar daga wurin tana juya tosai a kan tanda, mace mai jiki, da furen jasmin a gashinta. Ta ce ita ba ta taɓa jin wannan ƙarar ba. Ba ta taɓa ganin kowa da sukuta ba. Guna kuwa yaron kirki ne, sun kama shi ne don ba shi da kowa a sama. Kogila ta gwada ta da yarensu, ta lallaɓa, ta yi barazana. Saroja ta ɗora musu tosai bibbiyu a ganye ba su tambaya ba.

"Ku ci. Sannan ku zagaya unguwar nan ku nemo min mutum ɗaya da ke kuka don jajaye sun ragu. In kun same shi ku kawo shi, ni zan ciyar da shi wata guda."

A mota Kogila ta ce ƙarya take yi. Hairuddin ya ce rabi. Gani dai ta gani, amma zancen ƙara gaskiya ta faɗa, don mai jarida da mai gadin banki da limamin masallaci duk sun ce ba su taɓa jin ƙara ba, kuma ƙarar da ya ji ɗazu ba ta ɓoyuwa. Wani yana rufe wa sukutocin baki kafin ya motsa su.

Ranar Laraba shugaban ofis ya ce a shirya takardun gurfanarwa. Hairuddin ya ce to, ya sa su a aljihun tebur, ya fita.

Akwai wani maƙerin zinariya daura da lungun mai kyamara a saman ƙofa. Da farko ya ce ta lalace. Da Kogila ta ce bari ta kira masu duba lasisi su gyara masa, sai ta warke. Rumfar shagon ta tare rabin hoton, ƙafafu kawai ake gani da abin da ke ƙasa da ƙugu. Suka zauna suna bin safiya bayan safiya.

Ranar da ta goma sha tara ta ɓata, ƙarfe bakwai saura minti takwas, wani keken tura kaya ya shigo hoton, irin wanda gidajen tausa ke kwasar tawul zuwa wanki. Wani mai baƙin wando da silifa yana jansa ta baya. Tawul ne tuli a kai. Kuma tulin yana haske ja, ya mutu, ya sake haske, har ya shige lungu.

Suka duba sauran ranakun da kyamarar ta ajiye. Sau shida keken ya wuce yana walƙiya.

A ƙarshen lungun akwai gangara zuwa ƙarƙashin wani tsohon bene. Ƙofar katako ce, ko kwaɗo babu. Ciki duhu ne ƙirin, da warin danshi. Hairuddin ya laluba bango ya danna makunni, ba abin da ya kama. Ya haska tocila sama. Mazaunin ƙwan fitila fanko ne, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

Ya sauke hasken. Ga su nan, ashirin da uku, a jere a jikin bango, tazarar da ke tsakanin kowace da 'yar uwarta daidai wa daida, an lulluɓe kowane kai da tsohon tawul don ƙura. Ba a cire batir ba, ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ƙarƙashin ƙasa ne, shi ya sa na'urar ke yin shiru.

Kogila ta durƙusa. A kan ramukan da ƙara ke fita an manna filasta rufi uku, irin mai ƙamshin man zafi da ake liƙa wa mai ciwon baya. Ta girgiza ɗaya. Wani ɗan gurnani ya fito can ƙasa-ƙasa, amma fitilun suka haske ɗakin gaba ɗaya da ja.

"Ya toshe mata baki tsaf," in ji Hairuddin, "amma ya bar ta tana walƙiya a tsakiyar titi. Me ya sa?"

Kogila ta ce ƙila ganganci.

"Wanda ya yi jerin nan ba ya ganganci. Bai san tana yi ba."

Ta ɗaga kai ta dubi mazaunin fitilar nan da ba ƙwai.

Masu tausa tara ne a benen, duka makafi. Hairuddin ya san in ya hau ya yi tambaya, tara za su ce keken na kowa ne, unguwa kuma ta shaida. Ya ce a mayar da komai yadda yake, a ja ƙofa.

Ranar Alhamis tun shida da kwata suna cikin mota a gindin gidajen bene. Da shida da rabi wani dattijo ya fito, gajere mai faɗin kafaɗa, da farar hula, sanda a hannun dama, hagu tana jan keken tawul. Ya hau rawayen layi. Hairuddin ya sauka ya bi shi daga nesa.

Dattijon ba sauri yake ba. Sandarsa ta taɓa buhun shara, ya ɗauke ya ajiye a gefe. Ta taɓa kujerar roba, ya tura ta cikin rumfa. A gaban kantin magani ta daki ƙarfe. Ya tsaya, ya durƙusa, ya shafa ta daga kai zuwa taya, ya zaro filasta daga aljihu ya manna. Sannan ya ɗaga ta cak, ya kwantar a keke, ya rufe da tawul, ya gyara gefe da gefe da kyau.

Tawul ya shiga walƙiya. Mai jarida ya ɗaga kai yana kallon sama. Mai gadin banki ya juya baya yana gyara igiyar takalmi. Akka Saroja ta ce, "Pak Jalil, an tashi lafiya?" Ya amsa mata da fara'a, ya ce wanki ya yi yawa yau, ya shige lungu.

A bakin gangara ya tsaya da kansa, ya karkata kunne.

"Wannan takalmin ba na unguwar nan ba ne."

Hairuddin ya yi sallama, ya faɗi sunansa da muƙaminsa, ya tambayi abin da ke cikin keken. Pak Jalil ya ce tawul ne, in Tuan yana da sha'awar ƙazantar bayan mutane bismilla.

"Tawul ɗinka yana walƙiya, Pak."

Kogila ce ta yi wa dattijon bayanin fitilun, a hankali. Ya sa hannu ƙarƙashin tawul ya laluba har ya taɓa gilashin, ya daɗe da yatsa a kai.

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

"Kowa yana gani ke nan."

Saroja ta riga ta biyo su, da cokalin juyi a hannu. Ta ce ya ɗauka ba wanda ya sani, yana jin daɗin abinsa, wa zai ɓata masa? Pak Jalil ya yi 'yar gajeriyar dariya, ya gyara tsayuwa, ya dogara sandar a gabansa da hannu biyu.

Ya ce to, tunda haka ne, a ji da kyau. Shi bai yi sata ba. Bai sayar ba, bai hau ba, bai karce ko fenti ba. Tsare su ya yi, kamar yadda ake tsare dabbar da ta shiga gonar mutane. 'Yarsa Wardina, ita ma ba ta gani tun haihuwa, ta samu aikin amsa waya a wani ofis bayan tasha, ta rantse ita kaɗai za ta riƙa zuwa, ba ta son a riƙe mata hannu. Wata biyu da suka wuce ta ci karo da ja a kan layi, ta faɗa bakin kwalbati. Haƙora biyu da wuyan hannu. Guna ne ya ɗauke ta a motarsa zuwa asibiti. Da ta warke ta ce gobe ma ita kaɗai za ta. Tun daga ranar yake riga ta fita da awa guda, ya bi hanyarta tun daga ƙofa har tasha. Ba ta sani ba.

Sau uku ya je ofishin kamfanin, ya ce su yi wa kayansu turke kamar fararen, ko su hana ajiyewa a kan layi.

"Ka san abin da yarinyar da ke kan tebur ta ce min, Tuan? Wai in na ga an ajiye ba daidai ba, in ɗauki hoto in turo. Ni. Fararen nan shekara biyu ina wuce su, na san inda turkensu ya fara da inda ya ƙare, na taɓa ɗaya? Layin nan faɗinsa taku ɗaya ne. Duk faɗin garin nan shi kaɗai aka ba mu."

Ya ce ba zai sa hannu a takardar da aka rubuta sata ba, ko za a kwana ana yi. Su je su kawo shaidar da ta gan shi, ya ji wanda zai buɗe baki a unguwar nan.

Hairuddin ya ce ba ya bukatar shaida, yana da wanda zai kai kotu gobe. Ya ambaci Gunalan.

Pak Jalil ya ce Guna yana garin Ipoh wajen bikin ƙanwarsa.

"Yana kulle a ofishinmu tun Litinin. Na yi masa tambaya sau huɗu, ya ƙi faɗin sunanka. Gobe da safe za a karanta masa tuhuma."

Dattijon ya juya fuskarsa daidai inda Saroja take. Ta fara cewa Guna ne da kansa ya aiko matarsa ta ce kada a gaya masa, wai ba su da hujja, dole su sake shi. Bai ɗaga murya ba.

"Mai 'ya'ya uku kuka bari ya kwana uku a kan siminti saboda ni? Saroja, makanta gare ni, ba ƙuruciya ba."

Ya juyo. "Rubuta, Tuan. Abdul Jalil ɗan Osman. Ashirin da huɗu da ta yau, ni kaɗai, ba wanda ya taya ni. Ka kira shi sata in doka ta ce haka. Amma ka rubuta a ƙasa cewa ban yi nadama ba, kuma in alƙali ya sake ni gobe, jibi ina kan layi."

Hairuddin ya rubuta har da na ƙasan. Ya kira ofis ya ce a fito da Gunalan, a ba shi shayi da waya ya kira matarsa.

Kogila ta matso za ta kama hannun dattijon, sai ya ɗaga tafi. Daga can saman titi ana jin ƙwas, ƙwas, ƙwas na wata sanda, mai sauri fiye da tasa. Ba wanda ya motsa. Wata budurwa mai shuɗin mayafi ta wuce ta bakin lungun, jaka a kafaɗa, kai a sama. Ta ce Akka tosai ɗinki yana ƙonewa, ba ta ko rage tafiya ba. Pak Jalil ya bi ƙarar da kunne har ta narke cikin hayaniyar motoci, sannan ya sauke hannu.

Ya ƙi ankwa, ya ce da wane hannun zai riƙe sanda. Ya ƙi mota, ya ce ya san hanyar ofishinsu tun kafin a haifi Sajan. Ya hau rawayen layi, su biyu a bayansa, Saroja ta bar tanda tana biye, mai jarida ma ya rufe akwatinsa.

Ba su yi taku ɗari ba sandar ta daki ƙarfe. Wata ja ce, wani ya yar da ita yanzu-yanzu a gicciye, tayarta ko gama juyawa ba ta yi ba.

"Tuan, za ka ɗauke ta, ko in cika ashirin da biyar a gabanka?"

Hairuddin ya sunkuya ya ɗaga ta. Ta fasa ƙara, tana walƙiya, duk titi ya juyo. Bai ajiye ta a gefe ba. Ya saɓa ta a kafaɗa.

Kogila ta tambaya, cikin ƙarar, me za ta rubuta a kan wannan.

"Rubuta an kama ta tana tare hanya. Mai ita ya zo ofis da kansa ya yi bayani."

Pak Jalil ya riga ya yi gaba, sandarsa tana bugun tayil, sai da suka ɗaga ƙafa kafin su cim masa.